Makullin Shafin Makarantar Malam

Ranar da Talha ya fara zuwa ofishin makarantar matan aure ta Malam Muhyiddeen a Dutse, babu wuta, babu iska, fankar sama ta yi kwana uku ba ta motsa ba. Mu'minatu, 'yar Malam ta uku, tana zaune gaban kwamfutar da ta mutu tare da fankar tana fifita da bangon rajista. Ta gaji da zafi, ta gaji da jira, ta gaji da baƙin da ke zuwa da manyan jakunkuna da manyan alkawura.

Ya yi sallama daga bakin ƙofa, bai shigo ba sai da aka ce ya shigo. Siriri ne, wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi, takalminsa ya sha hanya. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta sauke, shi ma haka. Masu cewa kallo ɗaya ba ya komai ba su san zuciya ba. Da kallo ɗaya ake kamuwa, sauran duk jinya ce.

Shekarar 2007 ce. Makarantar Malam tana da rassa a Miga da Taura da Buji, matan aure fiye da ɗari huɗu ke karatu a ciki. Wasu masu taimako daga waje sun ce sai sun ga aikin makarantar a intanet kafin su aiko da littattafai da kekunan ɗinki. Malam bai san intanet ba, kuma bai ji yana sonta ba, amma yana son littattafan. Shi ya sa aka nemo Talha, ɗan Taura, wanda ke kula da kwamfutoci a kafen intanet na Madam Kaneng, wata mutuniyar Filato da ta daɗe a garin.

Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, shafin kamar allon sanarwa ne da duk duniya ke karantawa. Amma kafin a kafa shi sai an zaɓi manhajar da za a riƙa sa rubutu da hoto da ita, a gyara, a cire. Ita ce ƙofar shafin, wanda ya iya ta shi ke riƙe da makulli. Na zo da guda biyu, duk kyauta ne."

Ya faɗi sunayensu, WordPress da Drupal. Mu'minatu ba ta wahalar da harshenta ba, daga ranar ta raɗa musu Ƙarama da Babba.

Malam ya nuna ta da carbi. "Ita ke buga mana takardu, ita za ta koya. Laraba da Asabar bayan la'asar. Ƙofa a buɗe, ni ina baranda. In an yi wata biyu kwamiti zai zauna ya zaɓa."

Haka aka yi. Tebur a tsakaninsu, kwamfutarsa ta hannu a kai, batirinta na minti arba'in ne in ta ga dama.

"Ba nan ba, Malama. Wannan na gogewa ne."

"To me ya sa suka ajiye shi kusa da na adanawa? Mutanen nan ba su da tsoron Allah."

Ya yi dariya. Malam ya yi gyaran murya daga baranda, dariyar ta koma ciki.

Abin da baki bai isa ya faɗa ba, waya ta ɗauka. A mako na uku saƙonsa ya shigo:

"Malama, yau kin sa hoto da kanki ba ki tambaye ni ba. Na yi murna, kuma na ji wani iri. Ashe malami ma yana kishin ɗalibarsa."

Ta karanta sau bakwai kafin ta amsa:

"Injiniya, kada ka damu. Akwai abubuwa da yawa da suka shige mini duhu, ba duka ne a cikin kwamfuta ba."

A mako na biyar ya daina kewaye-kewaye:

"Hasken idona, ba ni da mota, ba ni da gida sai ɗaki biyu na haya a unguwar Gida Dubu. Ina da sana'a da niyya. In kin amince, zan nemi hanyar da Malam zai ji, don ba na son abin da za a yi a ɓoye."

"Na amince, Yayana. Allah Ya sa Baba ya amince."

Baba bai amince ba. Inna, mahaifiyarta, ita ta kai maganar, ita kuma ta dawo da amsar tana share gumi da gefen mayafi. Amma Mu'minatu ta riga ta ji da kunnenta, don Malam ba ya rage murya in yana ganin shi ke da gaskiya.

"Me yake nomawa? Me yake sayarwa? Mutumin da sana'arsa ke suma duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi zan ba 'ya? Na kawo shi aiki, ba zance ba. Ranar da aikin nan ya ƙare, ƙafarsa ta ƙare a nan."

Ta kwana biyu tana juya maganar. Ranar da aikin ya ƙare. Ita kaɗai ta tsaya mata a rai.

Ran Asabar, ta jira har Malam ya shiga amsa tambayar wata ɗaliba, ta rage murya.

"Yayana, in kwamiti ya zaɓi Ƙarama, saura kwana nawa ka gama da mu?"

"Mako biyu. Kin riga kin iya ta."

"In Babba ce fa?"

"Shekara, ko fiye. Ko bayan nan ma sai an riƙa kirana."

"To ka ce musu Babba."

Ya dube ta, ya kawar da kai. "Mu'mina, Babba ta manyan ma'aikatu ce masu ma'aikata goma a kanta. Ku sanarwa ce da hotuna da jadawalin karatu. Ƙarama ta ishe ku har ta yi saura."

"Wa ya sani? Baba bai san bambancinsu ba. Kwamitin ma duk abin da ka ce shi ne."

"Shi ya sa ba zan iya ba. Don bai sani ba ya kira ni."

"Shekara guda fa, Talha. Laraba da Asabar. A cikin shekara zuciyar Baba za ta iya saukowa. A mako biyu me zai sauko?"

"Na sani. Wallahi na lissafa kafin ki lissafa." Muryarsa duk gajiya. "Amma abin da ya dace da ku shi ne wanda ko na yi tafiya, ko na mutu, ko an kore ni, ke za ki buɗe ki rufe ba ki nemi kowa ba."

"Wato har ka shirya tafiyar."

"Ba haka na ce ba."

"Haka na ji. Wanda yake son ganin mutum ba ya gaggawar sallamar kansa."

Batirin ya mutu a daidai nan, kamar shi ma ya gaji da su. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Da magariba ya turo:

"Hasken idona, in na shiga gidanku ta ƙofar ƙarya, da wane ido zan dubi Malam ranar ɗaurin aure? Ki yi haƙuri da ni."

Ta karanta ta kife wayar. Yarinta kenan: mutum ya ƙi cin amanar ubanki, ke kuma ki ce ba ya sonki.

Ana cikin haka Ashafa ya zo. Ɗan aminin Malam ne, yana da kamfanin kwamfuta a Kano, da mota mai sanyi, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe da sa ido a kan Mu'minatu, kuma kowa ya sani. Ya ji labarin shafin, ya taho da tasa manhajar, wadda ya ce yaransa ne suka ƙera da hannunsu.

"Allah gafarta Malam, abin kyauta ai ba shi da uba. In ya lalace wa za a kama? Tawa kuwa ni ne ubanta, ga ni, ga gidanmu kun sani." Ya juyo da murmushi. "Ke kuma ƙanwata, me zai kai ki wahalar danne-danne? Duk abin da za a sa, ki kira ni kawai. Ko sau goma a rana."

Maganar uba ta shiga Malam, don shi mutum ne da ba ya karɓar karatu sai ya san wa ya karantar. Ranar zaman kwamiti, dattawa biyar a kan tabarma, Talha ya yi bayaninsa a taƙaice ya ce Ƙarama. Ashafa ya yi nasa da tsawo. Dattawan suka kalli juna, babu wanda ya gane ko ɗaya. Malam ya ɗaga murya zuwa ofis.

"Mu'minatu, ke kika zauna da abin nan wata biyu. Wanne?"

Ta san amsar kamar yadda ta san sunanta. Ta hango Talha ta ƙofa, kansa a sunkuye, ko kallon inda take bai yi ba. Haushi ya taso mata.

"Ta Yaya Ashafa, Baba."

Talha ya yi godiya, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki jakarsa. Ko mako biyun ma ba ta samu ba.

Watanni uku suka biyo baya masu nauyi. Shafin ya hau, yana da kyau, babu laifi. Amma ko sanarwar hutu za a sa sai ta kira Kano, Ashafa kuma sai ya yi rabin sa'a yana tambayarta kalar da ta fi so da irin motar da ke burge ta kafin ya ce yaransa za su duba. Ta rame. Laraba da Asabar bayan la'asar sai ta sami kanta tana goge teburin da ba shi da datti.

Sai aka yi walimar sauka a reshen Buji. Ashafa ya aiko mai hoto, aka ɗauki hotuna, aka tafi da su Kano, aka zuba a shafi ba a tambayi kowa ba. A cikinsu akwai na wata ɗaliba, Bilki, tana dariya da allonta a hannu, fuskarta ta cika hoton. Ƙanin mijinta ya gani a kafe, ya buga a takarda, ya kai Buji.

Mijin, Gwadabe, manomi ne mai magana ɗaya. Ya zo Dutse a kan babur, ya durƙusa gaban Malam, ya ajiye takardar a kan buzu.

"Allah gafarta Malam, karatu na kawo ta. Ban kawo ta a nuna wa duniya ba. An ce har a Ikko ana ganinta."

"Yau za a cire," in ji Malam.

Ba a cire ba. Ashafa ya yi tafiya Dubai sayen kaya, wayarsa ba ta shiga. Yaransa suka ce makullin yana wurin Oga. Kwana ɗaya, kwana uku, kwana shida. Gwadabe ya cire Bilki daga makaranta. Mazan Buji suka bi sahu, aji mai mata sittin ya koma goma sha ɗaya. Daga Miga aka fara aiko da tambaya. Malam ya daina cin abincin kirki, yana zaune a baranda yana kallon ƙasa, dattijon da ya yi shekara ashirin yana lallashin maza su bar matansu su yi karatu.

A rana ta bakwai Mu'minatu ta haɗiye girman kanta ta rubuta:

"Yayana, na san ban da bakin magana. Ba don ni ba, don Baba da matan Buji. Akwai abin da za a iya yi?"

Amsar ba ta yi minti biyar ba:

"Akwai. Ba zan fasa makullin wani ba, amma adireshin shafin da sunan makaranta aka yi rajistarsa. In Malam ya ba da izini, za a juya shi ya koma kan Ƙarama, tana nan yadda kika bar ta. Ku zo kafe gobe da safe. Ki ci abinci, na san ki."

Washegari Malam da kansa ya tafi, da rawaninsa da sandarsa, Mu'minatu na biye. Samarin da ke kafen suka miƙe tsaye a rikice. Madam Kaneng ta fito da kujerarta ta kanta ta goge da gefen zani.

"Sannu da zuwa, Baba. Yau kafena ya yi albarka." Ta dubi Mu'minatu sama da ƙasa, ta yi ƙasa da murya. "To ke ce. Wata uku yaron nan yana gyara mini kwamfutar da ba ta lalace ba. Ku tausaya mini, 'yata."

Talha ya gaida Malam, ya yi abin da zai yi na juya adireshin a cikin rabin sa'a, sannan ya tashi daga kujerar ya koma can bakin ƙofa.

"Sauran naki ne, Malama."

"Kai ba za ka yi ba?" in ji Malam.

"Ta iya, Allah gafarta Malam. Gara ka gani da idonka."

Ta zauna a kujerar ta fara. Ta sa sunan makaranta, ta sa jadawali, ta sa hoton ginin da babu kowa a ciki, ta rubuta ban haƙuri ga mutanen Buji da kalmomin da Malam ya faɗa mata. Aka ɗauke wuta, Madam Kaneng ta sa aka tayar da janareta tana yi wa masu wutar addu'ar da ba ta alheri ba. Mu'minatu ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sau ɗaya ta waiwaya neman taimako, Talha ya girgiza kai, ta juya ta gano da kanta. Kafin la'asar wanda duk ya buɗe shafin sabon yake gani. Hoton Bilki ya tafi.

A gida, bayan sallar magariba, Malam ya kira ta. Inna na gefe.

"Abin da kika yi yau, tun yaushe kika iya shi?"

"Tun kafin zaman kwamiti, Baba."

"To me ya sa da na tambaye ki kika ce ta Ashafa?"

Ta so ta yi kwana, ta ga babu inda za ta bi. Ta faɗa masa duka: yadda ta roƙi Talha ya zaɓi mai wuyar don ya yi shekara yana zuwa, yadda ya ƙi, yadda haushi ya sa ta zaɓi abin da ta san ba shi ne ba. Tana faɗa tana kuka.

Malam ya ajiye carbinsa ya dube ta.

"Na tambaye ki a gaban dattawa don na yarda da ke," ya ce. "Kika auna mini da mudun fushinki. Mata arba'in da tara suna zaune a gida saboda ke da saurayinki kun yi faɗa. Wannan ki nemi gafarar Allah, ki nemi tasu, ni tawa mai sauƙi ce." Ya ja numfashi. "Ni ma da nawa. Na ga yaro ba shi da gona na ce ba shi da komai. Ya sami hanyar da zai cuce ni shekara guda ban sani ba, ga 'yata tana roƙonsa ya yi, ya ƙi. Ɗayan kuwa ya ɗaure mu a ƙugunsa ya tafi Dubai da mu." Ya dubi Inna. "A ce masa ya turo magabatansa."

Saƙon da ta tura masa gajere ne:

"Baba ya ce ka turo. Ka yafe mini, Yayana."

"Na yafe tun ranar, hasken idona. Kawuna zai taso daga Taura ran Juma'a. Yau dai zan yi barci."

Ashafa ya dawo bayan mako biyu da tsarabar turare da dogon bayani. Malam ya karɓi bayanin, ya mayar da turaren.

Ba a yi bikin nan da nan ba. Malam ya ce sai an gyara ɓarnar tukuna. Wata biyu shi da Mu'minatu suna zirga-zirga zuwa Buji a motar haya, gida gida, shi yana magana da maza a zaure, ita tana durƙusa wa mata a ciki. Aka kafa doka cewa babu hoton mace da zai hau shafi sai da yardarta da ta mijinta a rubuce. Mata arba'in da ɗaya suka dawo. Bilki ba ta cikinsu. Gwadabe ya karɓe su da mutunci, ya ba su fura, ya ce ya haƙura, amma maganarsa ɗaya ce.

Aka ɗaura aure ran Asabar bayan ƙaramar salla, a ƙofar gidan Malam, babu kiɗa, babu almubazzaranci. Madam Kaneng ta kawo kulolin shinkafa uku ta zauna cikin mata tana ba su dariya. Da rana sai ga Bilki, Gwadabe ya kawo ta da kansa a babur. Ta shiga ɗakin amarya da 'yar ƙwaryar man shanu.

Mu'minatu ta riƙe hannunta ta fashe da kuka.

"Haba amarya, yau ba ranar kuka ba ce," in ji Bilki. "Saura mini littafi biyu ne kawai na fiƙihu. Allah bai yi ba."

"Zai yi. Na roƙi Malam Gwadabe, na roƙi angon. Duk Alhamis zan zo Buji in karanta miki a ɗakinki har mu gama."

"Buji fa da nisa. Za ki gaji."

"Na riga na gaji, Yaya Bilki. Gara in gaji a kan wannan."

Da yamma, kafin a tafi da ita, Malam ya sa aka kira su biyun zaure. Ya dube su, ita a lulluɓe, shi a durƙushe cikin sabuwar shaddar da ta yi masa yawa.

"Ba ni da dogon wa'azi, kun ji shi a aikace. Kai, ga ta nan, amana ce, kuma na ga yadda kake da amana. Ke kuma, in kin yi fushi ki yi shiru har ya wuce, kada ki yanke hukunci a cikinsa." Ya ɗaga hannuwansa. "Allah Ya sa albarka a tsakaninku, Ya ba ku haƙurin juna da zuriya mai tsoronSa, Ya sa ku tsufa a ɗaki ɗaya."

Duk zauren ya amsa da amin. Talha ya saci kallonta, ta ƙasan mayafi ita ma shi take kallo, wannan karon kuwa Malam ya ga abinsa bai yi gyaran murya ba.